Kwalin Kimiyya A Bakin Iyaka

Mai karatu, ko ka taɓa lura da yadda ake gama jami'a a finafinanmu? Jarumi zai fito da doguwar riga da hular nan mai tuntu, uwa ta tarye shi tana hawaye, a saki kiɗa, sai a yanke hoto. Fitowa ta gaba ga shi a ofis kan kujera mai juyawa, sakatariya na shigowa da fayil. A littafi kuwa abin ya fi haka sauƙi, layi ɗaya ne: yana dawowa daga bautar ƙasa sai Abba ya damƙa masa kamfani. Duba kuma abin da jaruman nan ke karantawa. Likita, barista, matuƙin jirgin sama, in an matsa injiniya. Da wuya marubuciya ta ba jaruminta digirin Kemistiri ko Bayoloji ko Lissafi, kuma ba na ganin laifinta, don in ta ba shi to ta ɗauko wa kanta aiki: sai ta gaya mana abin da zai yi da shi a babi na gaba.

Ni Baiyokemistiri na karanta, kuma mutumin ƙasar Illo ne a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, can inda kogin Kwara ya shigo Nijeriya. A wajenmu duk ɗan da ya dawo gida da irin wannan kwali akwai tambayar da ke jiransa wurin tsohuwa, da harshenmu na Kabi: "To, kai yanzu likita na?" Ka ce a'a, Inna. "Mai magani na?" Ka ce shi ma a'a. Ta yi shiru, can ta ce, "To mi kak karanta shekara huɗu?" Kada ka yi mata dariya, mai karatu. Tambayar da za ka tarar ke nan a bakin duk mai ɗaukar aiki, sai dai shi da Turanci zai yi ta.

Abin da ba a faɗa mana a aji shi ne, digirin kimiyya zalla ƙarfe ne da ya yi ja a wuta amma ba a ƙera shi ba tukun. Bai zama fartanya ba, bai zama lauje ba. Wanda ya karanta likitanci ko haɗa magunguna ko aikin jinya ya fito da kayan aikinsa a ƙere. Kai kuwa akwai sauran dukan guduma ɗaya a gabanka: lasisi, ko harshe, ko wata sana'a da za ka ɗora ilimin a kanta. Kuma ƙarfe tun da zafinsa ake bugunsa, wato tun kana ajin ƙarshe ko kana bautar ƙasa. Wanda ya bari ya yi shekara uku a majalisar mai shayi yana jiran a buɗe shafin ɗaukar aiki, ƙarfensa ya huce.

Bari in fara da inda ya fi ciwo. Da yawanmu likitanci muka nema, maki bai kai ba, aka turo mu Maikurobayoloji ko Baiyokemistiri, muka lallashi kanmu da cewa ai ko ba komai za mu yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti. To, dokar da ta kafa hukumar MLSCN a 2003 ta tsare wannan ƙofa. Wanda ke da ikon gwada jinin majinyaci ya sa hannu a sakamako shi ne wanda ya karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti kuma hukumar ta yi masa rajista. Kai da ka san ƙwayar cuta tun daga kakanninta, iyakarka ka zauna ƙarƙashin wani a ƙaramin lab na kuɗi, ka yi aikin, shi ya sa hannu, a sallame ka da abin sabulu. Mafita ɗaya ce ta gaskiya: ka sayi fom ɗin JAMB na shiga kai-tsaye, ka koma aji biyu. Shekara huɗu ce a fannin gwaje-gwajen, da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Likitanci kuwa biyar ce bayan wadda aka yafe maka, kuma guraben 'yan kaɗan ne, sai mai sakamako mai kyau ƙwarai. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana da duka biyun. Wata 'yar ajinmu ta yi haka. Lokacin da ta koma zama aji ɗaya da ƙannenta, ba irin maganar da ba a yi ba, har da masu cewa karatu ya taɓa mata kai. Yau ita ke sa hannu. Ra'ayina, in shekarunka ba su ja ba, kuma gida za su iya ɗaukar nauyin, kuma zuciyarka na asibiti har yanzu, ka koma. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, ka cire asibiti daga ranka gaba ɗaya, ka daina raɓe-raɓe a bakin ƙofarsa. Masu Kemistiri su ma suna da tasu ƙungiyar ta doka, ICCON, ga kuma IPAN ta masu tantance ingancin abinci da magani da ruwa. Rajista da su na ƙara wa takarda nauyi a masana'anta da hukumomi irin NAFDAC.

Sai koyarwa, wadda kowa ke cewa "kafin wani abu ya samu". Ni a nan na tsaya, kuma na daina jiran wani abun. Digirin kimiyya kaɗai ba ya mai da kai malami a idon doka. Sai ka yi difilomar koyarwa ta bayan digiri, PGDE, wadda cibiyar malamai ta NTI mai hedikwata a Kaduna ke bayarwa ta karatun ƙarshen mako, sannan ka ci jarrabawar TRCN ka karɓi lasisi. Ba zan ruɗe ka ba, akwai makarantun kuɗi da abin da suke biyan malamin Fiziks bai kai alawus ɗin ɗan bautar ƙasa ba, wanda ya koma naira 77,000 a 2025. Amma malamin kimiyya mai lasisi ba ya rasa mai nemansa a yankinmu, don ba mu da yawa. A makarantar da na fara koyarwa, ɗakin gwaje-gwajen kwalabe ne kawai da ƙura. Da zoɓo na koyar da asid da alkali: ka ɗiga lemun tsami ya ƙara ja, ka jefa kanwa ya rikiɗe ya koma kore-kore. Ranar nan yara ba su fita tara ba. Masu raina alli kuma su tuna gwamnan da Kebbi ta zaɓa a 2023, Nasir Idris, shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne kafin nan.

Mastas fa? Nan ne nake saɓa wa abokaina da yawa. Digiri na biyu ya zama wa wasunmu rumfar fakewa: babu aiki, gida ana tambaya, sai mutum ya sayi fom don a riƙa cewa ai yana karatu. Mastas a kimiyya ba irin ta sauran fannoni ba ce. Sinadaran binciken kai za ka saya, samfurin kai za ka kai wani gari a gwada maka, kuɗin mota daga Bagudo zuwa Sakkwato ko Zariya kai za ka biya. Ga yajin aiki: na 2020 ya ci wata tara, na 2022 wata takwas. In ka fito, wanda ya ƙi ɗaukar ka da kwali ɗaya ba dole ne ya ɗauke ka da biyu ba. Wanda mastas ta zama wa dole shi ne mai son koyarwa a jami'a ko aikin bincike, kuma wannan ƙofa ta ɗan faɗaɗa a jiharmu: jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero tun 2006, jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi tun 2013, ta aikin gona a Zuru tun 2020. Mai sakamako mai daraja ta uku kuma galibi sai ya bi ta difilomar bayan digiri kafin a ba shi gurbi.

In kuwa za ka yi, nemi wadda za a biya maka. Suna nan, rashin labari ne ke cin mu. Mai Lissafi ko Fiziks ko Kwamfuta ya nemi AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, take da rassa a Senigal da Gana da Kamaru da Ruwanda. Shekara ɗaya ce, ci da kwana da karatu duk a kansu. Akwai difilomar cibiyar ICTP a Italiya, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan ya kafa a 1964. Akwai PTDF ga masu fannonin da suka shafi mai da makamashi, akwai na Kwamanwel, akwai DAAD na Jamus. Wasu ƙofofin kuma an rufe: a 2025 gwamnatin tarayya ta daina tura sababbin ɗalibai ƙarƙashin yarjejeniyar nan ta BEA da ke kai yara Rasha da Maroko da Hangari. Duk waɗanda suka rage abu uku suke fara tambaya: fasfo, cikakken sakamakonka daga jami'a, da wasiƙun malamai biyu ko uku da suka san ka. Malamin da ya duba maka aikin ƙarshe, kada ka bari ya manta fuskarka. Ka riƙa gaishe shi ko da sallah ne.

To, yanzu mu zo bakin iyaka, don a nan labarin ɗan Bagudo ya bambanta da na ɗan Kano ko Zariya.

Mu Jamhuriyar Benin ba ƙasar waje ba ce a wurinmu. Daga Lolo ka miƙa kaɗan ka shiga ƙasar Malanbil, daga Tsamiya ka faɗa Segbana, gaba kuma Kandi. Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Kyangawa da Hausawa, duk dangi ne tsallake da tsallake. Ana aure, ana zuwa suna, ana cin kasuwa da naira da sefa a aljihu ɗaya. Iyakar nan ta daɗe tana yi wa mai digiri tayi iri biyu marasa kyau. Na farko fito: shinkafa ta shigo, mai ya fita. Na san masu kwalin kimiyya da suka hau babur ɗauke da jarkoki, suna cewa abin da suke samu a sati malami ba ya samu a wata. Aka rufe iyakoki a Agustan 2019, aka hana kai mai gidajen man da ke kusa da iyaka, sannan aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Sana'ar da sa hannun mutum ɗaya a Abuja ke iya kashewa dare ɗaya, ga harsashi ga ɗauri, ba wurin ajiye shekara huɗu ta karatu ba ce.

Tayi na biyu ya fi kama da mutunci, shi ya sa ya fi haɗari: kwalin Kwatano. Dillali zai same ka har gida, ya ce ga mastas cikin wata kaɗan, ko ga digirin wani fannin da ya fi naka kasuwa, ba sai ka zauna aji ba. A ƙarshen Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin sati shida, bai taka aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. A Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ke yawo da irin waɗannan takardu, ya kuma ce jami'o'i biyar kawai aka amince da su a Benin, uku a Togo. Akwai waɗanda suka zauna aji da gaske, iyayensu suka sayar da shanu, abin ya haɗa da su. Don Allah, mai karatu, duk wanda zai kai ka wata makaranta a tsallake, ka fara zuwa ma'aikatar ilimi ta tarayya ka ji matsayinta a ranar da kake tambaya, kafin ka fitar da sisi.

Abin haushin shi ne, hayaniyar kwalin bogi ta rufe mana ido daga abin kirkin da ke can. Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, ta gwamnati ce, tana da tsangayar aikin gona da ta likitanci, kuma tana cikin biyar ɗin nan. Jami'ar Abomey-Calavi tana da cibiyar Lissafi da Fiziks a Dangbo da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi kan sauyin yanayi yana da reshe a can, da wani a Yamai, da wani a Minna. Sai cibiyar Songhai ta Porto-Novo, wadda wani limamin Katolika haifaffen Kano, Godfrey Nzamujo, ya kafa a 1985 bayan ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Amurka. Gona ce da ba a zubar da komai: kashin kaji ya ciyar da tafkin kifi, ruwan kifi ya shayar da lambu, shara ta zama iskar girki. Suna horar da matasa, kuma suna da reshe a Paraku. Mai digirin Bayoloji da ya yi wata shida a irin wannan wuri ya fi wanda ya yi shekara uku yana jiran a sa masa ranar kare mastas.

Mabuɗin duk wannan Faransanci ne, kuma a nan nake ganin mun yi sakaci a matsayinmu na al'umma. Ɗan Legas sai ya biya kuɗi ya tafi ƙauyen koyon Faransanci na Badagiri, ɗan Kano ya je Alliance Française. Mu kuwa malaman Faransanci suna cin kasuwa ɗaya da mu, wasunsu 'yan'uwanmu ne na jini, rediyonsu na shigowa ɗakunanmu, amma iyakar abin da muka iya shi ne gaisuwa da ƙirgen sefa. Ka auna mutum mai digirin Maikurobayoloji, yana jin Hausa da Dandanci ko Zabarmanci tun daga nono, ga Turanci, ya ƙara Faransanci har ya ci jarrabawar DELF mataki na B2, wanda jami'o'in Faransanci suka fi nema. Ƙungiyoyin lafiya da ke bin polio da kwalara da sanƙarau a tsakanin ƙasashe, cibiyoyin binciken noma irin IITA da AfricaRice, ofisoshin ECOWAS, duk irin wannan mutum suke nema su rasa. Cuta ba ta nuna fasfo a Tsamiya. Sai dai a yi hattara: arewacin Benin, musamman wajen dajin W, ya sha hare-haren 'yan bindiga a 'yan shekarun nan, mu ma ɓangarenmu bai tsira ba. A bi babbar hanya, da rana, da takardu cikakku.

Aikin kaki ba zan daɗe a kansa ba, don kowane yaro a garin iyaka ya taso yana ganin ɗan kwastan a matsayin wanda ya gama haɗuwa. Mai digiri yana shiga a mataki na 8. Ka cika fom, ba laifi. Amma a ɗaukar da kwastan ta buɗe a ƙarshen 2024, gurabe ba su kai 4,000 ba, masu nema sun haura 500,000. Wadda ba a cika tunawa da ita ba ita ce NAQS, hukumar da ke duba lafiyar tsirrai da dabbobi da kifin da ke ƙetare iyaka, alhali ita ce aikinta ya fi dacewa da abin da muka karanta.

Ke kuma 'yar'uwa da kika ninke kwalinki kika sa a ƙasan akwatin lefe, da ke nake. Kin san abin da ke sa sabulu ya yi kumfa da abin da ke sa man shafawa ya tsinke, kin san dalilin da yaji ke yin fumfuna. Matan da ke sayar da kayan haɗi a Instagram yawancinsu da ka suke yi, wasu har suna ƙona wa mutane fata. Ki yi rajistar suna a CAC, ki nemi lambar NAFDAC, ki auna komai da sikeli ki rubuta. In kuma alƙalami ne ya fi jan ki, to masana'antarmu na da ƙishin wanda ya san kimiyya. Sau nawa muka ga an ɗebi jini a fim, kafin a gama waƙa sakamakon gwajin uba da ɗa ya fito? Farfesa Abdalla Uba Adamu da duk mai karanta mujallar nan ya sani, ta ilimin Bayoloji ya fara a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zama farfesan koyar da kimiyya, daga baya ya ƙara zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu, ya shugabanci jami'ar NOUN daga 2016 zuwa 2021.

Na bar fadama a ƙarshe don ita ce a ƙofar gidanmu. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, shinkafa ta koma babbar harka a jihar. Ga Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ban da ƙananan injina. Kowace masana'anta tana da sashen duba inganci, kuma abu na farko da ake aunawa a buhun shanshera shi ne danshi: in ya wuce kashi 14 cikin ɗari ba ta ajiyuwa, a rage wa manomi kuɗi ko a mayar masa da kayansa. Manomin Illo ko Ka'oje da haƙori yake gwadawa. Na'urar aunawar kuwa ba ta fi a riƙe a hannu ba. Haka maganin ƙwari: Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda yawan guba da ake zuba masa a rumbu, kuma irin gubar nan har kan busasshen kifi wasu ke fesawa a kasuwannin bakin kogi. Mai Kemistiri da zai buɗe shagon kayan noma, ya karanta wa manomi abin da ke jikin kwalba, ya auna masa daidai, ya nuna masa buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, ya riga ya bambanta da sauran 'yan layin.

Wani abokina da ya karanta Fiziks ya yi amfani da alawus ɗin bautar ƙasarsa ya koyi haɗa sola wurin wani mai shago a garin da aka tura shi. Da fetur ya yi tsada bayan 2023, masu noman rani suka fara kasa ciyar da injin ban-ruwa, sai ga shi da abin yi. Masu haɗa sola suna da yawa, amma shi yana zama da manomi ya lissafa zurfin rijiya, da yawan ruwan da kadada ke sha a yini, da awannin rana, kafin ya faɗi faranti nawa za a saya da girman famfon. Wanda aka haɗa wa da ka, famfonsa ya ƙone a wata biyu, shi ke kawo masa maƙwabcinsa. Bana har daga tsallaken Segbana aka zo aka ɗauke shi aiki, aka biya shi da sefa, ya dawo yana neman wanda zai koya masa sunayen kayan lantarki da Faransanci.